Ruwan tuffa ko giyar tuffa? Ina neman bayani daga waɗanda suka daɗe a Turai da Amurka

Uwar Biyu, Hereford

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman afuwa idan bayanina ya yi tsawo, domin al'amarin ya ɗaure mini kai.

Wata takwas ke nan da na baro Zariya na zo aikin jinya a Hereford, a yammacin Ingila, kusa da iyakar Wales. Duk hanyar da mutum ya bi ya fita daga garin, gonakin tuffa zai gani hagu da dama, kuma tun da Satumba ta kama nake ganin taraktoci suna jan tireloli maƙare da ita. Maƙwabcinmu wani dattijo ne mai ƙaramar gona a bayan gari, mutumin kirki da ya tsaya mana ƙwarai lokacin da muka tare. Makon jiya ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙo mini kwalabe biyu, ya ce aikin hannunsa ne na bara. A jikin ɗaya an rubuta "cider", a jikin ɗayar kuma "perry". Na karɓa na yi godiya, sai bayan ya tafi na lura da lambar 6.5% a ƙasan takardar, na gane cewa giya ce. Suna nan a ajiye ban buɗe ba, kuma na rasa yadda zan yi da su ba tare da na ɓata masa rai ba.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne yayana da ke zaune a Michigan ya tabbatar mini cewa "cider" ba giya ba ce, domin duk kaka yana kai 'ya'yansa gona su sha, har a walimar masallacinsu ana kawowa. Ba na shakkar maganarsa, ba na kuma shakkar abin da idona ya gani a jikin kwalbar.

Akwai magana ta biyu. Kwanakin baya na sayi ruwan tuffa a kasuwar manoma, mai duhu-duhu, wanda ba a tace ba, wata mata ta zuba mini shi a robar lita biyu. Tun da nake ban taɓa shan ruwan tuffa mai daɗinsa ba, ko kusa bai yi kama da na kwali da muka saba saya a gida ba. Amma da na bar ragowar a kan teburin kicin kwana biyar, ina buɗe murfin sai ya yi tsaki, kumfa ta taso, ƙamshinsa ma ya sauya, sai na zubar. Ina so in san abin da ya same shi, da yadda ake gane mai kyau, da inda ake samunsa, da kuma ko ana yin irinsa da 'ya'yan itacen nan da ake yin "perry" da su.

Malam Mai Awo, Bristol

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da zuwa, Allah ya sa an zo a sa'a. Na yi shekara ashirin da ɗoriya a wannan yanki, kuma awon ingancin abinci ne sana'ata, saboda haka bari in faɗi abin da na sani.

Ke da yayanki duk kuna da gaskiya. A Ingila, duk inda aka rubuta "cider" to giyar tuffa ake nufi, "perry" kuma giya ce da ake yi da fiyar Turai, wato 'ya'yan itacen nan masu siffar buta da muke gani kusa da tuffa a shaguna, ba fiyar da muka sani a gida mai ƙwallo a ciki ba. A Amurka kalmar ta ɗauki wata ma'ana, amma na bar wa mazauna can su yi bayani. Abin da za ki riƙe a nan shi ne haruffan ABV ko alamar kashi cikin ɗari a jikin kwalba, domin su ke nuna yawan barasar da ke ciki. Wanda kike nema sunansa "apple juice", kuma mafi kyawunsa za ki ga an rubuta cewa matse shi aka yi, ba daga ruwan da aka ƙafe ya yi kauri aka sake sirka shi ba. Na kwalin da muka saba da shi galibi irin wancan sirkakken ne, an tace shi tas, an ƙafe shi domin sauƙin jigila, kuma a wajen ƙafewar ne mafi yawan ƙamshin yake tafiya.

Game da robar da ta yi tsaki kuwa, ruwa ba ya tsami banza. A jikin ɓawon tuffa da jikin injin matsa akwai yis na halitta, shi kuma ruwan tuffa yana ɗauke da sukari kusan kashi goma zuwa sha uku cikin ɗari. Idan ba a dafa shi ba, ba a kuma sa shi a sanyi ba, yis ɗin zai fara cin sukarin yana fitar da iska da barasa, kamar yadda kunun zaƙi ke yi idan ya kwana a lokacin zafi. Tsakin da kika ji iskar ce ke neman hanya. Da kin ƙyale shi makonni, da ya koma irin abin da maƙwabcinki ya kawo miki, domin shi ma abin da yake yi ke nan, sai dai a cikin ganga, da tsabta da haƙuri. Kin yi daidai da kika zubar. Ɗanyen ruwa irin wannan a firji ake ajiye shi, a shanye cikin kwana biyu ko uku, ko a sa a firiza a bar masa ɗan sarari a saman robar saboda ƙanƙara tana kumbura. Kada ki taɓa toshe shi a kwalbar gilashi ba tare da an dafa ba, domin iskar tana iya fasa kwalbar, kuma raunin da gilashi ke yi ba sai na gaya wa ma'aikaciyar jinya ba.

Yanzu batun ɗanɗano, wanda shi ne ya fi ba ni sha'awa. Nan kusa da Bristol akwai ƙauyen Long Ashton, inda aka buɗe cibiyar binciken 'ya'yan itace da giyar tuffa a 1903, ta yi aiki shekara ɗari kafin a rufe ta a 2003. A can ne aka kasa tuffar matsa gida huɗu ta hanyar auna abu biyu, tsami da bauri. Akwai mai zaƙi zalla, akwai mai tsami, akwai mai zaƙi da bauri, akwai mai tsami da bauri. Mu Hausawa mun fi Turawa dacewa da kalma a nan, domin su "ɗaci" suke cewa, alhali abin da harshe ke ji bauri ne, irin na ɗanyar kanya ko na goro, wanda ke sa baki ya ɗaure. Sinadarin da ke kawo shi ɗan'uwan wanda ke cikin bagaruwa ne, wadda majemanmu ke jeme fata da ita. Mafi yawan gonakin da kike gani a kewayen Hereford irin wannan tuffa mai bauri ce a cikinsu, su Dabinett da Yarlington Mill da Kingston Black da Foxwhelp. Ƙanana ne, ba su da kyan gani, kuma ba a shuka su don ci ba. Idan kin ciji ɗaya za ki gane dalili.

Ruwan sha mai daɗi daga tuffar ci da ta girki yake fitowa, kuma masu ƙananan gonaki sukan rubuta sunan irin a jikin kwalba. Discovery ita ke fara nuna, tun cikin Agusta, ruwanta yakan fito da launin hoda mai haske, ga ƙamshi mai sanyi. Cox tana da zaƙi da ƙamshi mai zurfi. Bramley tuffar girki ce mai tsami sosai, asalinta daga wata bishiya guda da aka shuka ƙwayarta a garin Southwell a 1809, kuma idan aka gauraya ta da Cox sai tsamin ya daidaita zaƙin. A ganina da wannan haɗin ya kamata baƙo ya fara. Egremont Russet kuwa, mai ɓawo ruwan ƙasa da kaushi, ruwanta yana da kauri da gardi, wasu suna cewa zaƙinta ya yi musu yawa, ni kam ita nake ajiye wa baƙi ranar Sallah. Na fiya ma ana yi, galibi da Conference ko Comice, sai dai ba shi da tsami, shi ya sa sau da yawa ake ɗan zuba masa Bramley don ya farka. Idan kin ga laka ta kwanta a gindin kwalba kada ki damu, naman tuffar ne, girgizawa ake yi. Idan kin ga an rubuta an ƙara bitamin C, don kada launin ya koma ruwan ƙasa ne.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na so ki manta. Masu yin giya suna tsince tuffar da ta faɗo ƙasa, wasu ma girgiza bishiyar suke yi da inji. Tuffar da ta ƙuje ta fara ruɓa takan yi hunhuna mai fitar da wata guba da ake kira patulin, wadda doka ta ƙayyade kada ta wuce maikirogiram 50 a kowane kilo na ruwan sha. Tsimuwar giya tana kashe wannan guba, amma dafawa ba ta raba ta da ruwan. Ga kuma kashin tumaki da shanun da ke kiwo a ƙarƙashin bishiyoyin. Don haka tuffar ruwan sha daga kan bishiya ake tsinko ta, a wanke, a fitar da duk mai tabo. Tambayi mai sayarwa kai tsaye ko tsinkowa ya yi ko tsintowa, kuma ko ya dafa. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗinta ma yake ji.

Kin zo a kan gaɓa. Ranar 21 ga Oktoba ce ranar tuffa a Ingila, al'adar da aka fara a 1990, kuma a makonnin da ke kewaye da ita ƙauyuka da yawa suna fito da injin matsa na gayya, kowa ya kawo tuffarsa ya koma da ruwansa. Kusan kilo biyu ne ke ba da lita ɗaya a irin wannan ƙaramin inji. A ƙauyen Much Marcle da maƙwabtansa, waɗanda ba su da nisa da ke, ana yin bikin kaka mai suna Big Apple a cikin Oktoba, inda ake baje iri-iri a kan tebura da sunayensu, mutum ya ɗanɗana.

Ɗan Kurmi, Michigan

Hajiya, yayanki bai yi kuskure ba, kuma ina jin gonakin da yake zuwa irin waɗanda muke zuwa ne. A nan Amurka idan aka ce "cider" ko "apple cider", ɗanyen ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, babu barasa a ciki. Mai barasar sai an ƙara masa kalmar "hard" a gaba. A zamanin da, Amurkawa ma giyar suke nufi da kalmar, amma shan ta ya ja baya tun a ƙarni na 19 da giyar sha'ir ta mamaye birane, sannan dokar haramta giya ta 1920 zuwa 1933 ta ƙarasa ta, sai sunan ya zauna a kan ruwan zaƙin. Yanzu mai barasar ta dawo kasuwa da ƙarfi, har wasu gonakin suna sayar da duka biyun a rumfa ɗaya, don haka ko a nan ma sai an karanta takarda.

Michigan tana cikin jihohi ukun da suka fi noman tuffa, tare da Washington da New York, kuma zuwa wurin matsa a lokacin kaka al'ada ce ta iyali. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi shi ne ruwan gona ɗaya ba ya zama iri ɗaya daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. Na Satumba yakan fi tsami da sauƙi a baki, na ƙarshen Oktoba ya fi duhu da zaƙi, saboda irin tuffar da ke nuna a lokacin ya sauya, an shiga su Northern Spy. Ni na ƙarshen nake jira. Idan sanyi ya shigo, maiɗakina takan ɗora shi a wuta da kirfa da kanumfari da ɗanyar citta, kada ya tafasa, a sha da zafinsa.

Ina ƙara jaddada maganar Malam Mai Awo game da tsabta. A 1996 an samu ɓarkewar cutar E. coli a yammacin ƙasar nan daga ruwan tuffar da ba a dafa ba, mutane da dama suka kwanta, wata ƙaramar yarinya ta rasu. Bayan haka ne, daga 1998, hukuma ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk ruwan da aka ɗura ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa ba. Yawancin masu matsa yanzu suna dafawa, wasu kuma suna bi da ruwan ta cikin hasken UV mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya sauya ɗanɗano. Tun da kina da yara, wanda aka dafa za ki riƙa ba su.

Bawan Allah na Gloucester

Ranki ya daɗe, Uwar Biyu. Ni Kirista ne, haifaffen Wusasa, saboda haka ni da ke 'yan gida ɗaya ne. Ina ɗan shan wannan abin da ake magana, kuma ban shigo don in kwaɗaita wa kowa ba. Na shigo ne don in gaya miki darajar abin da dattijon nan ya miƙo miki, domin idan kin san nauyinsa a wurinsa za ki fi sanin yadda za ki yi masa magana.

Dokar Ingila ta yarda a kira abu "cider" matuƙar kashi 35 cikin ɗari na abin da aka tsima ruwan tuffa ne, sauran yana iya zama ruwa da sukari. Mafi yawan abin da ke cikin gwangwani a manyan shaguna bai yi nisa da wannan iyaka ba. Irin na maƙwabcinki kuwa ruwan 'ya'yan itace ne zalla, an markaɗa, an jera markaɗen a cikin ƙyallaye an danne da inji har ya koma kamar tunkuza, an zuba ruwan a ganga tun kaka, an bar shi yana tsimuwa a hankali cikin sanyin hunturu har bazara. Aikin shekara guda ne ya ɗebo miki daga ciki. Mu masu sha, abin da muke dubawa a kwalba shi ne sunan gonar, da shekarar da aka matsa, da sunan irin tuffar, da kuma rubutun da ke cewa ruwan zalla ne. Ba ma zuba masa ƙanƙara, sanyi kaɗan ya ishe shi, domin sanyi mai yawa yana kashe ƙamshi ya bar bauri kaɗai. A kewayenki akwai masu wannan aiki da sunansu ya kai ƙasashen waje, kamar Oliver's a Ocle Pychard da Gregg's Pit a Much Marcle, ban da manya irin su Westons da suka fara a 1880 da Bulmers da aka kafa a yankin Hereford a 1887.

Kwalba ta biyun ita ce ta fi tsada a zuciyarsa, ina da yaƙinin haka. Fiyar da ake yin "perry" da ita ba ta ciyuwa. Ƙarama ce, mai tauri da bauri, kuma kusan duk abin da ya rage na irinta a Ingila yana cikin gundumomi uku, Herefordshire da Gloucestershire da Worcestershire, sai kuma Monmouthshire a ɓangaren Wales. Mutanen nan suna cewa ba ta yin kyau sai inda ake hango dutsen May Hill, wanda nake gani daga hanyar zuwa aikina da kurmin bishiyoyi a ƙoƙuwarsa. Bishiyar tana girma kamar ɗorawa, tana daɗewa kafin ta fara haihuwa sosai, amma tana iya rayuwa shekara ɗari biyu zuwa ɗari uku, shi ya sa suke da karin maganar cewa magada ake shuka wa fiya. A Holme Lacy, 'yan mil kaɗan daga inda kike, an rubuta labarin wata bishiya guda da rassanta suka riƙa kwantawa ƙasa suna yin saiwa, har a wajen 1790 ta mamaye kashi uku cikin huɗu na eka.

Ga ta da wuyar sha'ani. Wasu irin, kamar Moorcroft da Thorn, daga ciki suke fara ruɓewa alhali waje yana nan lafiya, dole a matse su cikin 'yan kwanaki da faɗowarsu, wasu kuma sai an ajiye su makonni kafin su yi. Blakeney Red ita ce aka fi samu. A cikin fiya akwai wani nau'in zaƙi mai suna sobitol wanda yis ba ya iya ci, shi ya sa giyarta ke riƙe ɗan zaƙi ko ta gama tsimuwa, kuma shi ne ke sa ta saki ciki idan an sha da yawa. Wannan ya shafi ruwan fiya marar barasa ma, don haka a riƙa ba yara kaɗan-kaɗan. Abin da ake sayarwa da sunan "pear cider" a shaguna kuwa galibi ba daga waɗannan bishiyoyi ya fito ba.

Shawarata ita ce ki same shi ki faɗa masa gaskiya, cewa addininki ya hana ki sha, amma kina son ganin yadda ake matsa. Na san irin waɗannan dattawa. Abin da ke damunsu shi ne matasa ba su kula da tsofaffin bishiyoyin ba, kuma duk wanda ya tambaye su sunan bishiya ya gama saye zuciyarsu.

'Yar Damagaram, Caen

Yaya Uwar Biyu, ina yi miki sannu da baƙunta. Ni a Normandi nake, a arewacin Faransa, wadda ita ma ƙasar tuffa ce, kuma ina so in ja kunnen duk wanda zai tsallako nan hutu. Akwai abin da suke kira "cidre doux", ma'ana mai zaƙi. Yana da kumfa, yana da zaƙi kamar lemon kwalba, a gidajen cin fankasun nan nasu mai faɗi a ƙananan kwanonin tangaram ake kawo shi, har mutum ya ɗauka na yara ne. Giya ce, barasar cikinsa tana iya kai kashi 3 cikin ɗari. Zaƙin ya samu ne saboda wata dabara da suke yi wa ruwan tun farko, inda suke bari wani kauri mai launin ƙasa ya taso sama ya kwashe abincin yis, su zuƙe ruwan da ke ƙarƙashi, sai tsimuwar ta tafi a hankali ta tsaya kafin sukarin ya ƙare. Haka ma "poiré", wadda ita ce ta fiya, kuma mafi shahara ita ce ta yankin Domfront, inda shanu ke kiwo a ƙarƙashin manyan bishiyoyin fiya.

Abin da ni nake saya shi ne "jus de pomme", ko kuma "jus de pomme pétillant" idan ina son mai kumfa, wanda ruwan tuffa ne da aka ɗura wa iska aka dafa. Kwalbarsa da toshiyarta iri ɗaya ce da ta giyar, kuma a kanta ɗaya ake jera su, saboda haka ba na dogara da siffa. A yankin Pays d'Auge akwai hanya ta kusan kilomita 40 da ke ratsa ƙauyuka irin su Cambremer da Beuvron-en-Auge, gonaki a buɗe ga baƙi, kuma kusan duk wadda na shiga tana da ruwan zaƙin tare da sauran kayanta. A nan na koyi cewa Faransawa ba sa tsoron sa tuffa mai bauri a ruwan sha, ba kamar yadda Malam ya kwatanta na Ingila ba. A nan ne kawai na ɗan saɓa da shi, domin a bakina ɗan baurin nan shi ke sa ruwan ya zauna da abinci mai maiƙo, ba ya gundura kamar mai zaƙi zalla.

Malam Mai Awo, Bristol

Ƙanwata ta Caen ta faɗi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Ɗan Dabinett a cikin haɗi yana ƙara wa ruwa jiki, abin da na guje wa shi ne baƙo ya fara da shi zalla.

Na manta wani abu da za ki ci karo da shi a shaguna, wato giyar tuffar da aka cire wa barasa, mai ɗauke da 0.5% ko ƙasa da haka. Wannan an fara yin ta giya ne sannan aka zare barasar, ko kuma aka sirka ta. Malamai sun yi magana a kanta ta fuska daban-daban, kuma tambayar tasu ce, ba ta mai awo ba. Ni dai ba na saya, tun da ga ruwan da bai taɓa zama giya ba a kusa da ita. Game da ɗanyen ruwa kuma, hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a bayar ko a zubar. Kwana ukun nan ya yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki.

Uwar Biyu, Hereford

Jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na dawo in ba ku labarin yadda aka ƙare.

Na bi shawarar ɗan'uwana na Wusasa. Ni da maigida muka je muka same shi da kwalaben, na yi masa bayani. Ya yi ta ba mu haƙuri, ya ce bai sani ba, sannan ya ce mu zo ranar Asabar da yara. Da muka je mun tarar ya sa tsani ya tsinko mana buhu uku daga kan bishiya, Bramley da wata mai zaƙi da ya ce mahaifinsa ne ya dasa, kuma ya wanke injin ya fara matsa namu kafin ya taɓa tuffar da ya tsince a ƙasa. Ban ma kai ga yi masa tambayar Malam ba, shi da kansa ya ce ta ƙasa ba ta yara ba ce. Ya kai mu gindin wata bishiyar fiya da mutum biyu ba za su iya rungume ta ba, ya ba ni ɗaya na ciza, bakina ya ɗaure har muka iso gida.

Mun dawo da lita goma sha biyu. Biyu muka shanye a kwana biyu, huɗu na sa a firiza, sauran na ɗura a kwalaben da ya ba ni, na jera su a babbar tukunya da ruwa har wuya, na riƙe zafin a digiri 75 na minti ashirin da ma'aunin da ya ara mini, sannan na rufe su da zafinsu. Ya kuma yi mini alkawarin ruwan khal daga gangar da yake ajiyewa a wata rumfa daban, nesa da sauran.

Jiya na dafa zoɓo, maimakon abarba da sukari na zuba masa lita ɗaya daga wanda na narkar. Launin ya fito da kyau kuma yara sun sha, amma tsamin Bramley da na zoɓon sun haɗu sun yi yawa, sai da na ƙara zuma. Malam, idan na samu Egremont Russet ɗin da ka ambata a kasuwar Asabar mai zuwa, kashi nawa kake ganin zan zuba a kan zoɓon, kuma tun yana da zafi ake haɗawa ko sai ya huce?